Amsar Baffa kan bulalar Islamiyya

Sani, saƙonka ya iso. Ka ce yaron ya dawo daga Islamiyya da shatin bulala a gadon baya, har fata ta fashe. Mai ɗakinka na so a je a yi wa malamin tas, Hajiya kuwa ta ce a bar zancen, ai nama na malam ne, ƙashi na iyaye. Kana tambayar wanne ne al'adarmu.

Hajiya ba ta yi ƙarya ba, haka ake faɗa in an kai yaro makarantar allo a nan cikin birni. Amma wa ake faɗa wa? Malamin unguwa, wanda suke sahu ɗaya da ubanka a masallaci, wataƙila ma shi ya raɗa maka suna. In ya ɗaga dorina ya san da magariba za su haɗa ido. A gida kuma uwa na kunyar ɗan fari, ko sunansa ba ta kamawa, horo sai baffa ko gwaggo, waɗanda ba su aka ɓata wa rai ba. Duk wannan ya tafi, bulalar ce kaɗai aka gada.

Yau malamai na cewa iyaye sun sangarta 'ya'ya, iyaye na cewa ana huce haushin albashi a jikin yaransu. Kowa da 'yar gaskiyarsa.

Masu kafa hujja da hadisin salla su karanta shi duka: umarni a shekara 7, duka sai an kai 10. Shekara uku ke nan ana lallashi. Malamanmu na Malikiyya irin su Ibnu Sahnun sun ce malami kada ya wuce bulala uku sai da izinin uba, ban da fuska, ban da ka. Anas ya yi wa Annabi (SAW) hidima shekara 10, ko tir bai taɓa ce masa ba. Abin da 'yan sanda suka tarar a gidan mari na Rigasa a Kaduna cikin 2019, yara cikin sarƙa, ai da sunan tarbiyya aka yi shi.

Fasa fata ba horo ba ne. Ka je da kanka, kada ka tura mai ɗakinka. Ka sami malamin shi kaɗai bayan an tashi, ba a gaban ɗalibai ba, ka gaishe shi da mutunci, ka ji laifin yaron tukuna. Sannan ka faɗa masa iyakarka. In ya sake, ka kai wa shugaban makaranta. Kuma kada yaron ya ji kuna zagin malaminsa a tsakar gida. Hajiya kuwa ka bar ni da ita, zan leƙo ranar Juma'a.