Idan hukuma ta rufe kasuwa, inshora za ta biya ni?

Wani mai shagon atamfa a Kantin Kwari ya aiko da tambaya: yana da inshorar gobara, to idan hukuma ta rufe kasuwa ya yi wata guda ba ciniki, kamfanin zai biya shi?

Alhaji, da wuya. Inshorar gobara wuta take jira. Asarar tsayawar ciniki sashe ne daban mai kuɗinsa daban, kuma galibi ba ya aiki sai gini ko kaya sun lalace.

An sha wannan rigima a Ingila. Da korona ta sa aka kulle shaguna a Maris 2020, masu gidajen abinci da otal-otal suka nemi diyya, kamfanoni da dama suka ce ba su san zancen ba. Sai FCA, hukumar da ke sa ido kan harkokin kuɗi, ta tattara takardun yarjejeniya iri 21, ta kai kamfanoni 8 gaban Babbar Kotu, har da Hiscox da Zurich da RSA. Ran 15 ga Satumba 2020 kotu ta ba hukumar gaskiya a yawancin batutuwan, Kotun Ƙoli kuma ta ƙarfafa hakan ran 15 ga Janairu 2021. Masu inshora kusan 370,000 aka ƙiyasta abin ya shafa.

Duba waɗanda suka samu kuɗi. A takardarsu akwai layin da ya ce za a biya idan cuta ta ɓulla kusa da shago, wasu cikin mil 25, ko idan hukuma ta hana shiga wurin. Kamfanonin suka kafe cewa kullen na ƙasa baki ɗaya ne, ko cutar ba ta leƙo unguwarka ba dama za a rufe ka. Kotun Ƙoli ta ƙi wannan hujja. Amma wanda takardarsa ba ta da layin, abin tausayi, haka ya tashi a tutar babu.

Hukuncin can bai ɗaure kotunanmu ba, don haka taka takardar ce madogararka. Ciro ta daga durowa yau, ka sa dillalin da ya sayar maka ya nuna maka da yatsa inda aka ambaci rufe kasuwa. In babu, tambayi nawa za a ƙara a saka, kuma a rubuce, ko da takaful, wato inshorar Musulunci, kake yi. Ka riƙa rubuta cinikin kowace rana, domin da littafin nan ake lissafa ribar da ta kuɓuce. In sun ƙi biya alhali layin yana nan, kai ƙara NAICOM, hukumar da ke kula da kamfanonin inshora a Najeriya.