Amsar tambayarka a kan mutanen Lafkenche

Ɗana, saƙonka ya iso. Ka ce a darasinku an taɓo Lafkenche, reshen ƙabilar Mapuche, 'yan asalin ƙasar, da ke zaune a gaɓar tekun kudancin Chile, kana tambaya ko camfi ne ya hana su barin wurin da teku ke yi musu ɓarna. Kada ka yi saurin yanke musu hukunci.

Ranar 22 ga Mayu 1960 aka yi girgizar ƙasar Valdivia mai ƙarfin maki 9.5, mafi girma da aka taɓa aunawa. Teku ya ja da baya, ya dawo ya shafe garuruwan Puerto Saavedra da Toltén. Ƙasa ta lotsa, ruwa ya cinye gonaki a gefen tafkin Budi. Da yawa daga cikin waɗanda suka tsira, tudu suka hau. Kakanni sun bar musu labarin macizai biyu: Kai Kai yana turo ruwa, Treng Treng yana ɗaga tudu don mutane su kuɓuta. Har yau akwai tuddan da ake kira Treng Treng, yaro yana tasowa ya san inda zai nufa in ƙasa ta motsa. Aƙidarsu daban da tamu, amma ni dai bakina ba zai iya kiran abin da ke ceton rai camfi kawai ba.

Sai batun tashi. Su je ina? Bayan sojojin Chile sun gama mamaye Araucanía, yankin Mapuche, a 1883, an takure Mapuche a 'yan ƙananan filaye, daga baya kamfanonin katako suka cika tuddai da itatuwan turare. Kuma a wajensu gida bai tsaya a bakin ruwa ba. Duwatsun da ake yanko ciyawar teku ta kollof, a shanya ta, a ɗaure a kai har birnin Temuco a sayar, da filin da suke taron addu'arsu ta nguillatun, da maƙabartar iyaye, duk gida ne. Kai ma ka san ba a barin gonar gado don ambaliyar shekara guda.

Shi ya sa suka dage har aka yi dokar 2008, mai lamba 20.249, wadda ta ba al'ummominsu damar neman riƙon yankin tekun da suka saba amfani da shi. Da teku ya sake afka wa garin Tirúa, da ke yankinsu, a Fabrairun 2010, nan suka sake gini.