Amsa ga ƙanina mai son karatun halittun tekun ƙanƙara

Salam ƙanina, na ga saƙonka. Ka ce ka gama digiri a bayoloji kana son mastas kan bibiyar halittun tekun Aktik, wai ko wanda bai taɓa ganin ƙanƙara ba sai a firji zai iya. Zai iya mana, ni ma haka na sauka a Tromso, a arewacin ƙasar Norwe. Amma ka cire hoton farin beyar da manyan kifaye daga ranka tun yanzu, yawancin aikin ƙirgen ƙananan halittu ne wallahi.

Akwai wani ɗan ƙwaron ruwa da ake kira Calanus, bai fi ƙwayar shinkafa ba, cikinsa cike da mai. Shi ƙananan kifayen ƙanƙara ke ci, su kuma tsuntsaye da sauran dabbobin teku su cinye su, to kaga in ya canza komai ya canza. Ruwan Atlantika mai ɗan ɗumi yana ƙara kutsawa tekun Barents da ke arewa da Norwe, yana zuwa da nasa irin Calanus ɗin wanda bai kai na Aktik girma da mai ba, kuma sun yi kama sosai har a madubin lab ma sai ka ruɗe, shi ya sa yanzu ake haɗawa da gwajin DNA. A jirgi za a zura raga da kwalaben ɗibar ruwa, a jawo su, ka tsaya da dare hannunka ya ƙage cikin safa kana tace ruwa kana rubuta lamba a jikin kwalba. Fitata ta farko kwana biyu ina amai, cikin jiri na rubuta zurfi ɗaya a kan kwalabe biyu, dole aka zubar da su. Ba wanda ya yi min faɗa, shirun ma ya fi zafi.

Kuma ƙirgen shekara ɗaya ba ya nuna komai, sai an maimaita a wuri ɗaya shekara da shekaru. Cibiyar Alfred Wegener ta Jamus tun 1999 take auna wurin da suka sa wa suna Hausgarten a mashigin Fram, tsakanin Girinlan da tsibiran Svalbard. Don haka dan Allah ka fara koyon lissafin ƙididdiga da manhajar R tun kana gida, shi malamai suka fi dubawa.

Maganar kuɗi kuwa, Norwe ta fara karɓar kuɗin makaranta daga ɗaliban wajen Turai a 2023, amma PhD a nan aiki ne da albashi. Jami'ar Bremen ta Jamus ba ta karɓar kuɗin karatu sai na zango, sai dai biza na buƙatar ka ajiye Yuro 11,904 na shekara a asusun da ake kullewa, haka yake a 2025. UNIS, cibiyar karatun jami'a da ke garin Longyearbyen a Svalbard, ba ta ba da digiri, kwas kawai kake zuwa yi daga jami'arka, kuma sai an koya maka harbi saboda beyar kafin ka fita fili.

Duhu ne abin da ban shirya masa ba. Daga ƙarshen Nuwamba zuwa tsakiyar Janairu rana ba ta fitowa a Tromso, a irin lokacin masallacinmu lokutan Makka yake bi. Turo min takardar sakamakonka in ga darussan da ka yi tukuna.