Tambayi Likita: Lafiyar Baƙo a Garin da Ba Nasa Ba

A 'yan makonnin nan yawancin saƙonnin da ke shigowa daga mutanenmu na Kebbi da Zamfara ne da ke ƙasashen waje, masu karatu da 'yan kasuwa da matan da suka bi mazajensu. Na zaɓi shida, na cire sunaye kamar yadda aka saba.

Assalamu alaikum Likita. Ni ɗan Argungu ne, sati uku ke nan da saukata Glasgow don karatu. Tun shekaranjiya masassara ke kama ni da yamma, da rawar ɗari da ciwon kai. Na je kemis neman maganin maleriya, sun ce sai da takardar likita. Abokan zamana sun ce murar sanyi ce, in sha shayi in kwanta.

Wa'alaikumus salam ƙanena. Wannan saƙo ban jira fitowar shafin nan ba, a ranar na ba shi amsa, ina maimaita ta ne don na baya. Duk wanda ya baro Najeriya masassara ta kama shi a watannin farko, a ɗauka maleriya ce har sai gwajin jini ya ce ba ita ba ce. Gaskiya ne babu sauron maleriya a Glasgow, amma ai ba can aka cije ka ba. A Argungu aka cije ka, ƙwayar cutar ta shige hanta ta yi kwanton ɓauna, kuma takan yi sati ɗaya ko biyu, wani lokaci fiye da wata, kafin ta ɓulla cikin jini. Ka tuna kuma daga ina ka fito. Binciken maleriya na ƙasa da aka yi a 2021 ya samu ƙwayar a jinin kashi 49 cikin ɗari na ƙananan yaran da aka gwada a Kebbi, babu jihar da ta kai haka. Shi ya sa da aka tashi fara allurar rigakafinta a Disamban 2024, da Kebbi da Bayelsa aka fara.

Yau za ka je asibiti, ba gobe ba. Ka kira 111, layin neman shawarar lafiya na can, ko ka wuce sashen gaggawa kai tsaye. Idan akwai ruɗewa, ko amai ya hana ka riƙe ruwa, ko idonka ya yi rawaya, 999 za a kira, lambar kiran motar asibiti. Abu na farko da zai fito bakinka shi ne daga Najeriya ka zo, sati uku da suka wuce, kana so a gwada ka maleriya. Kada ka jira a tambaye ka. Likitan da ke gabanka ya wuni yana ganin masu mura, in ka yi shiru cikinsu zai lissafa ka. In gwajin farko bai nuna komai ba kuma masassarar ba ta sauka ba, akan maimaita shi washegari. Kada kuma ka haɗiyi ragowar maganin da wani ya zo da shi a jaka kafin a ɗebi jinin, don zai iya dusashe sakamakon, a rasa gane me ke damunka.

In Allah ya ba ka sauƙi, ka yi rajista da likitan unguwa, wanda suke kira GP. Ba a biyan komai, kuma dama ka riga ka biya kuɗin lafiya tare da biza, fam 776 a shekara ga ɗalibi. A Sikotlan ma, inda Glasgow take, maganin da likita ya rubuta kyauta ne, saɓanin Ingila. Mutanenmu kan bar rajistar nan sai ciwo ya kayar da su, sannan su fara cika takardu da zazzaɓi a jiki. Idan ba ka kai shekara 25 ba, ka tambayi rigakafin sanƙarau mai kare nau'i huɗu, A da C da W da Y. Wadda aka yi wa yawancinmu a kamfen ɗin baya ta nau'in A ce kaɗai, annobar da ta yi ɓarna a Zamfara a 2017 kuwa nau'in C ce.

Likita barka da aiki. Daga Gusau na biyo maigidana Leeds, wata huɗu ke nan. Kullum a gajiye nake, ƙasusuwana na ciwo, barci ba ya isa ta. Shi yana fita tun safe, ni da yaro muna ɗaki. Wani lokaci sai in kama kuka ba dalili. Mamata ta ce in riƙe addu'a.

Hajiya sannu, Allah ya ba da lafiya. Ki riƙe addu'ar kamar yadda Mama ta ce, ki haɗa da abin da zan faɗa miki.

Abu biyu nake hange. Na farko na jiki ne. Fatar mutum da hasken rana take haɗa bitamin D, ranar Birtaniya kuwa daga Oktoba zuwa Maris ba ta da ƙarfin wannan aiki. Baƙar fata ta fi buƙatar rana, ga sutura, ga zaman ɗaki. Ƙarancinsa na kawo ciwon ƙashi da kasala irin wadda kika bayyana. Hukumomin lafiyar can suna ba masu duhun fata shawarar shan maikirogiram 10 a kullum duk shekara, kuma ana samunsa a kowane babban kanti ba tare da takarda ba. Duk da haka ki ga GP a auna jininki, don ƙarancin jini da matsalar maƙoƙo su ma haka suke zuwa.

Na biyun shi ya fi damuna. Kin taso a gidan da ba a rufe ƙofa, maƙwabciya ta leƙo aron turmi, mai fura ta yi sallama, yau suna gobe biki. Yanzu kina garin da a Disamba ake kiran magariba kafin ƙarfe huɗu, kuma za ki iya wuni ba ki yi magana da babban mutum ba. Duk wanda aka yi wa haka zai yi kuka. Kewar gida ce, kuma ba raunin imani ba ne. Abin da nake so ki yi: kullum da tsakar rana ki naɗe yaron da kyau ku fita, ko da minti ashirin ne, ko da gari ya yi hadari. Ki nemi masallacin da ke da karatun mata, da ɗakin karatu na unguwa inda iyaye ke kai ƙananan yara wasa. Waya da gida tana da daɗi, amma in ta cinye wunin duka, shekara za ta zagayo ba ki san mutum ɗaya a layinku ba.

Idan baƙin cikin ya wuce sati biyu kusan kullum, abinci ya fita ranki, abin da kike so da ya daina burge ki, to ya zama ciwon damuwa, kuma yana da magani. Ki faɗa wa GP ba ɓoye-ɓoye, musamman in yaron bai shekara ba. Kina iya neman likita mace, da tafinta in Turancin na ba ki wuya. In kuwa tunanin cutar da kanki ya taɓa zo miki, a ranar za ki kira 111 ko 999.

Kai kuma maigida, na san za a nuna maka wannan. Ka kawo 'yar mutane inda ba ta da kowa sai kai. Ka raka ta asibitin, ka haɗa ta da matan abokanka, ranar hutu kuma ba ta barci ba ce.

Ranka ya daɗe, ɗana mai sikila ya samu gurbin karatu a Ankara. Ni a Jega nake, hankalina bai kwanta ba.

Alhaji, zai iya tafiya, amma da shiri. Sanyi da ƙarancin ruwa a jiki da ƙwayoyin cuta su ne manyan masu tayar da ciwon, hunturun Ankara kuwa har ƙanƙara ke zuba. Kafin ya tashi, likitansa ya rubuta masa cikakken bayani da Turanci: nau'in sikilarsa, rukunin jininsa, yawan jinin da ya saba zama da shi, sau nawa aka ƙara masa jini, da maganin ciwon da ke yi masa aiki. Takardar nan ita ce za ta yi magana a madadinsa, don inda ba a saba ganin sikila ba, saurayi mai neman allurar ciwo da tsakar dare ana iya yi masa kallon ɗan ƙwaya. Magungunansa su kasance a jakar hannu. A jirgi ya yawaita shan ruwa, ya riƙa tashi yana takawa. Satin farko ya nemi asibitin da ke da likitan jini, ya tabbatar inshorarsa ta fara aiki. Zafin jiki ya kai 38, ko ciwon ƙirji, ko numfashi ya yi wuya, asibiti nan take.

Ku ja masa kunne kan abu ɗaya: ban da kaskon gawayi a ɗaki. Ɗakunan can a toshe suke ruf, iskar gawayi ba ta da wari, cikin barci take kashe mutum.

Likita, ni ɗan kasuwa ne a Kaura Namoda, zan yi wata shida tsakanin Dubai da Alƙahira. Ina da hawan jini, kuma ina shan tramadol saboda ciwon baya. In sayi na wata shida in tafi da shi?

Na hawan jinin, e, gwargwadon abin da dokar ƙasar ta yarda, cikin kwalinsa na asali tare da takardar likita mai ɗauke da ainihin sunan maganin, kamar amlodipine, don sunan kamfani yana canzawa daga ƙasa zuwa ƙasa. Tramadol kuwa, Alhaji, kul! A ƙasashen nan biyu cikin ƙwayoyin da doka ta tsaurara yake. Daular Larabawa sai ka nemi izinin ma'aikatar lafiyarsu ta intanet kafin ka shiga da irinsa. A Masar, a 2017, kotu ta ɗaure wata 'yar Birtaniya shekara uku saboda ƙwaya kusan 300 da aka samu a jakarta. Kada kuma ka karɓi saƙon magani na kowa a filin jirgi, ko ɗan'uwanka ne.

Ni abin da ya fi tsaya mini shi ne yadda aka yi ciwon baya ya kai ka ga tramadol kullum. Ka zo a duba bayan tun kafin tafiya. In jiki ya riga ya saba, a hankali ake rage shi, ba a yanke shi dare ɗaya. Kada ka musanya shi da diclofenac ko ibuprofen, suna ɗaga jini, suna taɓa ƙoda. Ka sayi na'urar awon jini ta hannu, ka kuma lura da abincin gidajen cin abinci, gishirinsa ya fi na tuwon gida nesa ba kusa ba.

Ina karatu kusa da Delhi. Tunda na zo cikina bai zauna ba, na sha Flagyl har na gaji.

Ajiye Flagyl ɗin. Ka tsaya kan ruwan kwalba mai hatimi ko tafasasshe, ka bar ƙanƙara da ɗanyen ganye da yankakkun 'ya'yan itacen bakin titi. In gudawa ta zo, ruwan gishiri da sukari: lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali shida na sukari, rabin ƙaramin cokali na gishiri. Tunda ta daɗe, a gwada bayan gida. Ka sani kuma daga ƙarshen damina zuwa Nuwamba zazzaɓin dengi na yawa a can, sauronsa da rana yake cizo. Zazzaɓi ya kama ka, farasitamol kaɗai za ka sha kafin gwaji, don asfirin da ibuprofen na ƙara haɗarin zubar jini.

Shekara uku muna Kanada, za mu zo Yauri hutun wata ɗaya da yara biyu, ƙaramin can aka haife shi. Maigida ya ce mu 'yan gida ne, ba ma buƙatar komai.

Ki gaishe shi, ki ce likita bai yarda ba. Ɗan juriyar da babba ke da ita ga maleriya cizon yau da gobe ne ke riƙe ta, in aka daɗe babu cizon sai ta ragu. Yaran kuwa ba su da ita, ga Yauri a bakin kogi. Ku ga likita wata ɗaya ko fiye kafin tafiya, ya rubuta wa kowa maganin kariya daidai nauyinsa. Wanda aka fi bayarwa, haɗin atovaquone da proguanil, ana fara shi kwana ɗaya ko biyu kafin isowa, a sha kullum, a ci gaba kwana bakwai bayan an koma. Ƙaramin, in ya kai wata tara, yana buƙatar allurar shawara aƙalla kwana goma kafin ku taso. Ku aika a tanadar muku gidan sauro mai magani, ruwan shan yaran kuma a tafasa, ko da kaka za ta ce an mayar mata da jikoki Turawa. Bayan kun koma, duk wanda ya yi zazzaɓi a kai shi asibiti a ranar, a ce daga Najeriya kuka dawo.