Ya halatta a zuba zakka a gidauniyar gyaran asibitin gari?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Allah ya gafarta Malam, ni ne ma'ajin ƙungiyar ci-gaban garinmu. Asibiti ɗaya tak muke da shi. Ɗakin haihuwarsa yoyo yake da damina, babu wuta, da daddare ungozoma da fitilar waya take karɓar haihuwa. Mun kai kuka har mun gaji, sai muka kafa gidauniya domin mu sake rufi, mu sa sola, mu haƙa rijiyar burtsatse, abin da ya rage mu riƙa taimaka wa marasa lafiyar da ba su da hali. 'Yan kasuwarmu da yawa sun ce zakkarsu ta bana za su zuba. Wani malami ya ce ya halatta don fi sabilillahi ne, wani kuma ya ce zakkar ba ta fita ba. An kuma yanka wa kowane magidanci naira 2,000, kuma ranar ƙaddamarwa za a riƙa faɗin sunan mai bayarwa a lasifika. Mene ne hukunci?

AMSA: Wa alaikumus salamu wa rahmatullah. Allah ya saka muku da alheri, ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.

Abin da nake ba ku fatawa a kai shi ne ku raba gidauniyar nan gida biyu tun kafin ku karɓi ko kwabo. Asusu ɗaya na sadaka da waƙafi, da shi za a yi rufi da sola da rijiya. Ɗayan na zakka, shi kuma ba a taɓa shi sai don mara lafiya matalauci. Idan kuka gwamutsa su, kun jefa masu zakkar cikin shubuha, kai ma'aji kuma ka ɗauki nauyin da ba ka sani ba.

Dalili shi ne Allah bai bar rabon zakka a hannun kowa ba. A aya ta 60 cikin Suratut Tauba ya lissafa gida takwas: faƙirai, miskinai, ma'aikatan tara ta, waɗanda ake lallashin zukatansu, 'yanta bayi, masu bashi, fi sabilillahi, da matafiyin da guzuri ya yanke masa. Ayar ta buɗe da lafazin taƙaitawa, ta rufe da cewa farilla ce daga Allah. Kuma da Annabi (SAW) zai aiki Mu'azu ɗan Jabal Yaman, ya ce masa ana karɓar ta daga mawadatansu a mayar wa matalautansu, kamar yadda Bukhari da Muslim suka ruwaito. Ginin asibiti kuwa na kowa ne. Matar Alhajin da ya ba da zakkar ma a wannan ɗakin za ta haihu in naƙuda ta kama ta da tsakar dare. Ka ga ke nan zakkarsa ta zagayo ta dawo gidansa.

Malamin da ya ce muku fi sabilillahi ne bai ƙirƙiro maganar da kansa ba, kada ku raina shi. Fakhruddin Razi ya kawo a tafsirinsa cewa wani malami mai suna Ƙaffal ya naƙalto daga wasu malaman fiƙihu halaccin sa zakka a dukkan ayyukan alheri, har da likkafani da gina masallatai, kuma a ƙarnin da ya wuce Rashid Rida da Shehu Mahmud Shaltut sun karkata ga faɗaɗa ma'anar. Amma mazhabobin nan huɗu ba su tafi a kan haka ba. A wajensu asalin wannan gida jihadi ne. Imamu Malik ya faɗa a Mudawwana cewa ba a sa zakka a likkafanin mamaci ko ginin masallaci. Shehu Khalil kuwa a Mukhtasar, a daidai inda yake maganar mai jihadi, ya cire ganuwar gari da jirgin ruwa daga abin da ake yi da zakka. To idan ganuwar da ke tsare rayukan mutanen gari gaba ɗaya ba ta shiga ba, ta yaya kwanon rufin asibiti zai shiga? Kuma da a ce duk aikin alheri fi sabilillahi ne a wannan ayar, da lissafa sauran bakwai ɗin bai da amfani, domin ciyar da miskini ma aikin alheri ne. Wannan ne ya sa na rinjayar da maganar jumhuru, wato mafi yawan malamai.

Akwai kuma abin da ido ke gani. Gini yana da farin jini, ana yanka masa ƙyalle, ana kafa masa allo da sunaye. Talaka ba shi da allo. Ranar da aka buɗe wa gine-gine ƙofar zakka, hannun talaka ne zai koma wayam.

Kada ku ɗauka wannan ya rage wa asibitin wani abu. Ku shiga ɗakin marasa lafiya ku gani. Ga mutumin da aka rubuta wa matarsa leda biyu ta jini da kayan tiyata, yana tsaye a baranda da takardar a hannu yana kiran 'yan'uwa ɗaya bayan ɗaya, wayar ma katinta ya ƙare. Wannan faƙiri ne ko miskini da nassin aya, ko da yana da 'yar gona da akuya biyu, matuƙar abin hannunsa ba zai ɗauke masa wannan larura ba. Ga wanda aka sallama amma kuɗin gado da magani sun taru a kansa, ko ya ranto ya biya, shi kuma ya shiga gidan masu bashi. A nan zakkar 'yan kasuwarku za ta zauna daram.

Sai dai ku kiyaye yadda za ta isa. Ku wakilai ne kawai, kuɗin na matalaucin ne. Ko ku damƙa masa a hannu, ko ku biya asibiti da saninsa da izininsa, a ba shi rasit. Ban so ku sayi magani katan-katan da kuɗin zakka ku jibge a kantin asibiti, domin mai hali zai sha daga ciki, wani kuma ya lalace a kan kanta. Kada kuma ku bar ta ta shekara a banki da sunan tanadi, zakka ana gaggauta ta ne. 'Yan kwamiti ba su da kason ma'aikatan zakka, wannan na wanda hukuma ta naɗa ne, irin ma'aikatan Hukumar Zakka da Hubusi ta Kano. Kuɗin fetur da buga takardu ku ɗauka daga asusun sadaka, a rubuce. Wanda ba Musulmi ba idan ya zo cikin larura, daga asusun sadaka za ku taimake shi, kuma da lada, domin Annabi (SAW) ya ce akwai lada a kan kowane mai ɗanyar hanta, wato duk mai rai.

Shi kuwa ginin, ku kira mutane da sunansa na gaskiya: sadaka mai gudana. Sayyidina Usman ya sayi rijiyar Ruma ya bar wa Musulmi, Sayyidina Umar ya tsayar da gonarsa ta Khaibara waƙafi. Da irin wannan dukiya aka riƙe manyan asibitocin Musulunci, kamar wanda Sarki Ƙalawun ya gina a Alƙahira a 1284. Zakka ɗaya bisa arba'in ce kawai, sadaka kuwa ba ta da iyaka. Ɗan kasuwar da ya ce ba shi da abin bayarwa sai zakka, a gaya masa cikin ladabi cewa wannan ba kyautarsa ba ce, haƙƙin wasu ne da ke hannunsa.

Maganar lasifika ba ta dame ni ba. Allah ya ce a aya ta 271 ta Baƙara idan kun bayyana sadaka madalla da ita, idan kun ɓoye kuka ba matalauta ya fi muku alheri. A hadisin Jarir da Muslim ya ruwaito, wasu mutanen ƙabilar Mudar sun zo Madina cikin tsumma, Annabi (SAW) ya tara jama'a ya kwaɗaitar, wani Ba'ansare ya kawo ƙunshin da hannunsa ya kusa gaza ɗauka, mutane suka bi sahunsa har aka tara tsibi biyu na abinci da tufafi. Ƙaddamar da gidauniya ke nan a bainar jama'a. Riya a zuciya take, kowa ya binciki tasa. Abin da na hana shi ne sanƙira ya kama sunan mutum yana zuga shi har kunya ta sa ya furta abin da bai yi niyya ba, ko a yi wa mai naira 500 dariya. Wanda ya ce a sakaya sunansa, a sakaya. Sunan mara lafiyar da aka taimaka kuwa, ko hotonsa a Facebook, wannan tozarci ne, kada ku kusance shi.

Masu tashi su yi alkawarin miliyan a gaban jama'a, a bi su wata shida ba su ɗaga waya, su ji tsoron Allah. A mashahurin zance na Malikiyya alkawari yana zama wajibi idan wanda aka yi wa ya shiga wata ɗawainiya saboda shi. In kun ba magini aiki kuna dogaro da wannan alkawari, ya zama bashi a wuyan mai shi.

Naira 2,000 ɗin da kuka yanka, tana kan 'yan ƙungiyar da suka zauna suka amince, domin Musulmi suna kan sharuɗɗansu. Sauran mutanen gari roƙo za ku yi, ba tilas ba, dukiyar Musulmi ba ta halatta sai da daɗin ransa. Kuma haramun ne a hana matar wani gado don mijinta bai biya ba.

Idan akwai wanda ya riga ya miƙo zakkarsa, ka ware ta yau ka mayar asusun marasa lafiya. In kuwa an riga an sayi siminti da ita bisa fatawar wancan malamin, ina fatan ta isar masa tunda malami ya bi, amma in yana da hali ya sake fitarwa, ya fi masa kuɓuta.

Wallahu a'alam.