Amsa: Me ya sa aikatau ke yawo a jimlar harshen Holan?

'Yar'uwa, kin ce kin rubuta "Morgen ik ga naar Utrecht", malamarku ta ja masa jan biro, kin kuma rasa inda laifin yake. Laifin ɗaya ne. A jimlar bayani mai zaman kanta, aikatau a harshen Holan ba ya barin gurbi na biyu. Da kin fara da "morgen", wato gobe, ya riga ya cinye gurbin farko, sai aikatau "ga", wato tafi, ya biyo, "ik", wato ni, kuma ya koma bayansa: "Morgen ga ik naar Utrecht", wato gobe zan je birnin Utrecht. Mu da bakinmu ya saba da "gobe zan je" dole mu yi tuntuɓe a nan.

Inda aka fi shan wuya shi ne bayan "omdat" (saboda), "dat" (cewa) da "als" (idan). Can aikatau yakan gudu har ƙarshen jimla: "Ik blijf thuis omdat ik ziek ben", wato zan zauna a gida saboda ba ni da lafiya. Amma "want", duk da ma'anarsa kusan ɗaya da "omdat", ba ya korar aikatau: "want ik ben ziek." Ki rubuta waɗannan biyun gefe da gefe a takarda, ki manna a jikin firiji, ki riƙa karanta su da ƙarfi kullum da safe. A ganina kunne ya fi saurin kama wannan fiye da haddar ƙa'ida.

Akwai kuma aikatau mai rabuwa biyu, kamar "opstaan", tashi daga barci: "Ik sta om zeven uur op", wato ina tashi da ƙarfe bakwai. Wannan "op" ɗin kada ki manta shi a hanya, sai kin kai shi ƙarshe.