Saƙon tunatarwa da yaran da ke fashin zuwa atisaye

Malam, ka tambaya ko imel zai rage fashin yara a cibiyar koyon ƙwallonka ta Agege. Zai taimaka, amma kada ka dogara da shi kaɗai. Yawancin iyayen nan 'yan kasuwa ne, ba kullum suke buɗe imel ba, WhatsApp kuwa yana hannunsu. Tura imel ranar Alhamis, ka bi shi da gajeren saƙon WhatsApp ranar Juma'a da dare, da sunan yaro da lokacin farawa, don a yi sammako saboda gosulon Legas.

Yaron da ya yi fashi sau biyu kuwa, kira mahaifinsa da kanka, ka fara da tambayar lafiya. Sau da yawa kuɗin mota ne matsalar, kuma magidanci ba zai rubuta maka wannan ba.